Injiniyan Waya da Masu Ƙirga Taku

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, haka ma a titin Beirut, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, duk wanda ya iya buɗe matacciyar waya ya mayar ya ɗaure ta tashi, sunansa injiniya. Ba a tambayarsa takardar makaranta. Shaidarsa tana kan teburinsa: fitila mai haske, mita, bulowa mai hura iska mai zafi, ƙarfen narka dalma, hantsaki mai siririn baki, da tarin matattun wayoyi da yake ciro kayan gyara daga jikinsu. Wanda ya ɗan samu yakan ƙara da maikuroskof, domin akwai ayyukan da ido tsirara ba ya iya musu.

Sana'ar ba ta daɗe ba. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a Najeriya, a watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki, Glo ta biyo baya a 2003. Waɗanda suka fara shiga gyaran, da yawansu daga gyaran rediyo da talabijin da agogo suka gangaro, su ne hannunsu ya riga ya saba da dalma da ƙananan kusoshi. A zamanin Nokia 3310 da 1100 aikin bai wuce canza madannai, da sifika, da bakin caji, da busar da wadda ta faɗa ruwa ba. Yau abin da ake ajiye wa injiniya a teburi kwamfuta ce sukutum, mai ɗauke da asusun bankin mutum da hotunan iyalinsa. Tambayoyin da ake zo masa da su ma sun sauya.

Ɗaya daga cikin sababbin tambayoyin nan ce ta ja hankalina, don ita ce irin wadda ke raba wanda ya san cikin na'ura da wanda canjin sikirin kawai ya haddace. Mai matsalar sau da yawa ba matashi ba ne. Dattijuwa ce da likita ya shaida wa tana da ciwon suga ko hawan jini, ya ce ta riƙa tattaki kullum. Ɗaya daga cikin 'ya'ya ya saka mata manhajar ƙirga taku a kan tabilet ɗin da take sauraren karatun Alƙur'ani da ita, wadda a kasuwa tab ake ce mata. Mako ya zagayo, lambar tana nan kusan inda take. Sai a naɗo tab ɗin a leda a nufi kasuwa, maganar kuma takan tafi kamar haka:

"Injiniya, sannu da aiki. Ta Hajiya ce, ta ƙi ƙirga taku. A duba mana abin da ya lalace."

"To, Alhaji. Kafin in buɗe, a ina Hajiya ke ajiye ta idan za ta fita?"

"A ɗaki mana. Wa zai ɗauki wannan ya fita da ita?"

Rabin amsar ya fito ke nan, ba a kwance kusa ko ɗaya ba. Injiniyan da ya yi wannan tambayar ya san ta iya raba shi da kuɗin aikin ranar. Da ya so, sai ya karɓa, ya ce a dawo jibi, ya goge mata ƙura, ya ce sensa ce ya canza. Babu ta yadda Alhaji zai gane. Shi ya sa nake ganin wannan ƙaramar tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, a ga abin da mai sana'ar yake buƙatar sani kafin ya iya faɗin gaskiya, domin ko mutum yana da niyyar gaskiya, idan bai san abin da ke cikin na'urar ba, shaci-faɗi zai yi.

Kusan kowace tab, har da masu arahar da ake saya wa yara, tana ɗauke da ma'aunin motsi, wanda a kasuwa ake haɗa shi da sauran 'yan'uwansa a ce musu sensa. Shi ne ke sa hoton sikirin ya juya idan an kwantar da ita ta gefe. Wani ɗan baƙin abu ne mai kusurwa huɗu a jikin fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan lantarkin na'urar, faɗinsa milimita 2 zuwa 3, idan ya kuɓuce daga bakin hantsaki ya faɗi ƙasa sai an yi sa'a a same shi. A cikinsa akwai ɗan nauyi da aka sassaƙa daga silikon, a rataye da siraran zaruruwa masu lanƙwasa, gefensa da jerin 'yan yatsu da suka shiga tsakanin wasu yatsun da ke kafe. Idan na'urar ta motsa, nauyin nan yakan yi ɗan jinkirin bin ta, tazarar da ke tsakanin yatsun ta canza da abin da ido ba ya gani, wannan canjin ne ake aunawa da lantarki a mayar da shi lamba. Wanda ya taɓa kallon yarinya ta ɗauko ruwa a ƙwarya ya san abin. Kowane taku sai ruwan ya yi tangaɗi, har wanda ke kallon ruwan kaɗai, ko bai ga ƙafafunta ba, zai iya faɗin taku nawa ta yi. Idan ta sauke ƙwaryar ta tafi wasa, ruwan kwanciyarsa zai yi, duk yawon da za ta yi ba ya sani.

Ba don waya aka fara ƙera abin ba. Don mota ne. A 1991 kamfanin Analog Devices na Amurka ya fito da ADXL50, ma'aunin da ke gane karo a cikin ƙiftawar ido ya saki jakar iskar da ke cikin sitiyari. A farkon shekarun 1990 ɗin nan kuma wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Bosch a Jamus, Franz Laermer da Andrea Urban, suka gano hanyar haƙa ramuka masu zurfi, masu miƙaƙƙen bango, a jikin silikon, wadda ta sa sassaƙa irin waɗannan ƙananan abubuwa da yawa a lokaci ɗaya ya yi sauƙi da araha. Da iPhone ta fito a 2007 da ma'aunin a cikinta, sauran masu ƙera waya suka bi sahu. Har yau idan injiniya ya duba jerin sensocin wata waya, sunayen da zai fi gani su ne Bosch da STMicroelectronics da InvenSense, ko kuma na wasu kamfanonin Sin a cikin masu araha.

Ma'aunin yana ba da lambobi uku a kowane lokaci, ɗaya ta hagu da dama, ɗaya ta gaba da baya, ɗaya ta sama da ƙasa. Bai san mene ne taku ba. Manhaja ce ke haɗa lambobin ukun nan, ta cire nauyin da ƙasa ke jan kowane abu da shi, ta tace ƙananan girgiza, sannan ta zauna tana jiran tsalle mai maimaituwa. Mutum mai tafiya da ɗan kuzari yana yin taku 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa. Idan tsallen ya zo da sauri fiye da abin da ƙafar ɗan Adam ke iya yi, sai a watsar da shi. Idan ya zo sau ɗaya ya tsaya, kamar an ɗaga tab daga kujera zuwa teburi, shi ma ba a lissafa shi. Yawancin manhajojin sai sun ga taku da yawa a jere kafin su fara ƙirga, shi ya sa kaiwa da komowar cikin gida, daga murhu zuwa randa, daga randa zuwa ɗaki, yawanci ba ya shiga lissafi. Wannan kuwa shi ne mafi yawan tafiyar matan aure da dattijai. Haka tafiyar tsoho mai jan ƙafa a hankali, tsallenta ba ya kai inda manhajar ke jira, sai ta ƙirga masa ƙasa da abin da ya yi. Ta ɗaya gefen kuma, a shiga adaidaita sahu a bi hanya mai gargada, na'ura tana iya ba mutum ɗaruruwan takun da bai yi ba.

To, tab tana ƙirgawa ko ba ta ƙirgawa? Injiniya nagari ba zai ba da amsa ɗaya ba, sai ya ga wace tab ce.

A 2013 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka mayar da ƙirga taku aikin waya na yau da kullum. Apple ta saka wa iPhone 5s wani ƙaramin mataimaki mai suna M7, wanda ke sauraren sensocin motsi dare da rana ba tare da ya tashi babbar furosesa ba. Google kuma, a Android 4.4, ta ware gurbi na musamman ga mai ƙirga taku da ke cikin na'ura, ta nuna shi a wayar Nexus 5. Daga nan masu ƙera sensa suka riƙa dasa lissafin a cikin ɗan baƙin abin nan kansa, wanda a kasuwa ake ce wa aisi, irin su BMI160 na Bosch da LSM6DS3 na ST, ta yadda wayar na barci a aljihu ƙirga na tafiya, batir kuma bai san ana yi ba. Sai dai Google ba ta tilasta wa kowa saka shi ba. Mai ƙera tab ya san kayansa a kan teburi da gado za su yi rayuwarsu, don haka da yawa ma'aunin motsi mafi sauƙi suke sakawa, wanda zai juya sikirin kawai. A irin wannan tab ɗin, wasu manhajojin ƙirga taku za su ce ba sa aiki da ita, wasu su yi shiru a kan sifili. Akwai waɗanda ke iya yin lissafin da kansu daga ma'aunin motsin, kuma suna ƙirgawa, amma sai sun hana furosesa barci, batir ya riƙa zuba. Da zarar tsarin tattalin batir na Android ya kashe su a bayan fage, ƙirgan ya tsaya ba sanarwa.

Na iPad kuwa yakan fi ruɗa mutane, saboda tsadarta. Tun ta farko a 2010 tana da ma'aunin motsi, iPad 2 ta 2011 ta zo da wata sensa ta biyu mai auna juyawar na'ura, wato ma'aunin juyi. Manhajar Health da ta fito a iPhone a 2014 ba ta iso iPad ba sai a 2023, da iPadOS 17. Mutum zai buɗe ta a iPad ya ga taku dubu kaza ya ɗauka ita ta ƙirga, alhali daga iPhone ɗinsa ko agogon Apple Watch aka turo mata lissafin ta iCloud. Wanda ba shi da ɗayan biyun zai ga shafin wayam, kuma babu abin da ya lalace. Na so a ce kowane mai sayar da iPad ta hannu yana faɗin wannan kafin a biya.

Duk bayanin nan injiniya yakan tabbatar da shi a cikin minti biyar, a gaban mai kaya. A yawancin wayoyin Samsung, da tab ɗinsu masu layi, danna *#0*# a wurin kira yana buɗe shafin gwaji. A sauran, manhaja irin CPU-Z ko AIDA64 tana jero duk sensocin da ke ciki da sunan wanda ya ƙera su. Zai kwantar da tab ɗin a teburi, fuskarta sama. Lambar sama da ƙasa ta tsaya kusa da 9.8, sauran biyun su yi ta rawa kusa da sifili. Ya tsayar da ita a kan gindinta, 9.8 ɗin ta bar inda take ta koma wani layin. Ya kwantar da ita ta gefe, ta koma na ukun. Ya ɗan girgiza ta, duka ukun su yi tsalle. Idan haka ta kasance, sensa lafiyarta ƙalau. Sai ya gangara cikin jerin ya ga ko akwai layin mai ƙirga taku. Daga nan ya leƙa saitin izini, domin tun daga Android 10 na 2019 manhaja ba ta samun lissafin motsin jiki sai mai waya ya yarje mata, kuma mutane da yawa suna danna "a'a" ranar farko ba tare da sun karanta ba. Na ƙarshe shi ne ya cire manhajar daga cikin waɗanda tattalin batir ke kashewa. Idan ka ji injiniya ya ce wai rashin ma'aunin juyi ne ya hana ta ƙirgawa, bai duba ba. Ma'aunin juyi yana taimakawa wajen tace kuskure, amma ma'aunin motsi kaɗai ya isa a ƙirga taku.

Akwai ranar da sensar ce ta mutu da gaske. Alamarta sikirin ya daina juyawa ko da an kunna juyin, lambobin gwajin su daskare a wuri ɗaya, ko sunan sensar ya ɓace daga jerin gaba ɗaya. Yawanci bayan faɗuwa ne, ko ruwa, ko kuma bayan wani ya yi aiki da zafi a kusa da ita. A nan ake ganin hannu.

Buɗe tab ya fi buɗe waya haɗari, gilashinta faɗi gare shi, ga shi siriri, an kuma liƙe shi da gam. Sai an ɗumama gefunan a hankali, a zura siririyar leda mai tauri a bi da ita, ana tuna inda igiyoyin sikirin suka bi don kada a yanke su. Abu na farko bayan buɗewa shi ne cire haɗin batir. Sannan a nemo sensar a taswirar fanel, idan akwai taswirar. Na manyan kamfanoni ana samu a manhajojin da masu gyara ke biyan kuɗi su shiga, na tab marasa suna kuwa sai dai ido da sabo. Injiniya mai haƙuri ba ya farawa da ɗaga aisi. Zai sa mita ya ga ko wuta na isa gare shi, yawanci bolt 1.8, wani lokacin kusan 3. Zai duba layuka biyun da sensar ke magana da furosesa ta kansu, domin sau da yawa wasu sensocin ma a kan layukan suke, ɗaya idan ta lalace sai ta toshe bakin sauran. Wani ɗan ƙaramin abu da ya tsage a gefe, ko tsatsar da ruwa ya bari, suna iya zama duk matsalar.

Idan ya tabbata aisi ɗin ne, sai ya rufe maƙwabtansa da tef mai jure zafi, ya ɗiga man da ke sa dalma ta gudana, ya kawo bakin bulowa yana zagayawa da shi, ba ya tsayar da shi wuri ɗaya. Dalmar da kamfanoni ke amfani da ita yanzu, wadda ba ta da gubar da ke cikin ta da, sai zafi ya kai digiri 217 take narkewa, ta da kuwa a 183. Tazarar nan ita ce ke ƙona fanel a hannun mai gaggawa. Yana riƙe da hantsaki a ɗaya hannun, yana ɗan taɓa gefen aisi ɗin, har ya ji ya yi iyo. Sai ya ɗaga. Ƙafafunsa a ƙarƙashi suke, ba a ganinsu, don haka sai an share wurin an daidaita dalmar kowane gurbi kafin a ɗora sabo. Sabon kuma yawanci daga mataccen fanel irinsa ake ciro shi, domin idan lambarsa ta bambanta, manhajar cikin tab ɗin ba za ta san shi ba. A kusurwarsa ɗaya akwai ɗigo. Idan aka juya ɗigon, aiki ya ɓaci. Abu ɗaya da ba kowa ya sani ba shi ne injin wanke fanel mai girgiza ruwa, wanda ake ji da shi wajen ceto wayar da ta sha ruwa, yana iya karya zaruruwan da ke cikin irin waɗannan sensocin. Masu ƙera su da kansu suna gargaɗi a kai.

Bayan duk wannan wahalar, a tab mai araha kuɗin aikin yana iya kusantar rabin kuɗinta, kuma abin da za a samu shi ne juyin sikirin. Mai gaskiya yakan faɗa tun kafin ya ɗumama gam.

Yaron da ya shigo koyon sana'ar ba ya isa nan da wuri. Iyayensa ne ke kawo shi wurin maigida, ko wani yayansa da ke kasuwar. Watanninsa na farko na aike ne: sayo sikirin a layin masu kaya, kai waya wurin masu fulashin, tayar da janareta, liƙa gilashin kariya. A cikin aiken nan yake koyon bambanta kaya, wane ne na asali, wane ne aka ciro daga wata wayar, wane ne kwafi, kusan dukansu daga kasuwar Huaqiangbei ta birnin Shenzhen suke tasowa. Daga nan a ba shi bakin caji, sai batir, sai sikirin. Bulowa kan matattun fanel yake fara riƙe ta, ya cire aisi ya mayar, ya cire ya mayar, har hannunsa ya daina rawa. Da yawa a nan suke tsayawa, su buɗe nasu teburin da canjin sikirin da bakin caji, kuma ana ci da shi, don su ne aikin kullum. Kaɗan ne ke wucewa zuwa karatun taswira da bin layi da mita. Abin da ke tare su ba rashin basira ba ne. Taswirar da takardun bayanin aisi da Turanci suke, bidiyoyin koyarwar da suka fi zurfi kuma da Turanci ko Indiyanci ko Sinanci. Yaron da ya bar makaranta da wuri yana kallon hannun mai koyarwa ne, dalilin abin yana wuce shi. Ina ganin babu hidimar da masana lantarki na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha za su yi wa wannan kasuwa da ta fi su zauna su bayyana waɗannan abubuwan da Hausa, dalla-dalla, tun daga abin da mita ke aunawa. Masu hannun suna nan da yawa, bayanin ne bai iso gare su ba.

Sana'ar tana da nata haɗarin. Hayaƙin dalma a hanci yake ƙarewa a shagon da ba taga. Ido yana gajiya, baya yana ƙagewa, mutum ya wuni a zaune daga hantsi zuwa magariba ba ya tashi sai salla. Batiran da suka kumbura saboda zafi suna jibge a kwali ƙarƙashin teburi, kusa da waya mai wuta da jarkar fetur. Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallar 2025 ta cinye shaguna masu yawa, kuma mai gyara idan shagonsa ya ƙone, da kayan mutane yake ƙonewa. Ga kuma nauyin amana. Wanda ya miƙa maka wayarsa da lambar buɗe ta ya miƙa maka sirrin gidansa. Ƙorafin da ake yi na musanya kayan asali da kwafi, ko leƙa hotunan mutane, ba ƙarya ba ne, kuma 'yan kaɗan da ke yi su ne suka sa ake zama a kan benci a tsare injiniya da ido har ya gama.

Mu koma ga Hajiya, domin ita ba sensa ta dama ba, lafiyarta take nema. Lambar da manhajar ta kafa mata, taku 10,000, ba daga asibiti ta fito ba. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, kamfanin Yamasa na Japan ya fito da wata 'yar na'urar ƙirga taku da ake ratayawa a ƙugu, ya sa mata suna Manpo-kei, ma'aunin taku dubu goma. Lambar talla ce, ta yi daɗin faɗa, duniya ta ɗauka. A 2019 I-Min Lee ta jami'ar Harvard da abokan aikinta suka fitar da binciken da suka yi a kan mata sama da 16,000, waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne. Sun ga masu yin taku kusan 4,400 a rana mace-mace ya yi ƙasa sosai a cikinsu idan aka kwatanta da masu yin kusan 2,700, amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Dattijuwar da ke ganin ta kasa kaiwa dubu goma har ta fara karaya, ya kamata wani ya gaya mata wannan. Sau da yawa injiniyan waya ne mutumin ƙarshe da za a yi maganar da shi kafin a watsar da tattakin gaba ɗaya.

Shawarar da yake bayarwa ba ta da tsada. Tab mai inci 10 ta kusa rabin kilo, waya kuwa ba ta cika wuce giram 200 ba, kuma ita ce ke bin mutum masallaci da kasuwa da gidan biki. Idan Hajiya tana da babbar waya, a mayar da manhajar can, ta riƙa saka ta a aljihu ko a jakar da ke rataye a jikinta. Idan ƙarama ce mai madannai, agogon bango ya wadatar: tafiyar rabin awa da ɗan kuzari ta kai taku 3,000, kwana biyar a mako kuma ya cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Idan kuwa 'ya'yan sun fi son su saya mata agogon hannu mai ƙirgawa, su sani shi ma da halinsa. Daka da wanki da tankaɗe duk taku ne a wurinsa, mai tura baro ko keken jariri kuma, da yake hannunsa a kafe yake, ƙwauronsa yake yi. A cikin masu arahar akwai waɗanda ke nuna bugun zuciya ko an ɗaura su a ƙafar kujera. Kafin a biya kuɗi, a ɗaura shi a nan cikin kasuwa, a duba lambar da ke kai, a bi layin shagunan ana ƙirga taku ɗari da baki, a tsaya a sake dubawa. Idan ya ƙaru da casa'in da wani abu ko ɗari da 'yan kai, a saya. Idan ya ce arba'in, ko ɗari biyu, a mayar wa mai shago kayansa.